Ruwan gidanmu ya cinye hita biyu: wace softena zan saka?

Uwar 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a ba ni shawara kafin in yi cinikin biri a sama.

Shekara uku ke nan da tarewarmu a gidan da muke ciki. Ruwan burtsatse muke amfani da shi, inji ya tura shi tankin sama, daga can ya sauko famfuna. A ido ruwan tas yake, ba wari ba launi, amma duk abin da ya taɓa sai ya bar masa shaida. Butar lantarki in na jiƙa ta da binega ranar Asabar, kafin wata Asabar ɗin gindinta ya sake yin farin ɓawo kamar an shafa mata alli. Kan shawa rabin hujojinsa sun toshe, ruwan sai ya riƙa fita a karkace yana wanke bango maimakon mutum. Tayil ɗin banɗaki kuwa na haƙura da shi, duk gugar da zan yi, yana bushewa farin tabo zai dawo. Sabulu ba ya kumfa, sai wani kitse-kitse da ke yawo a saman bokiti. Sabon tawul wanki uku ya koma kamar buhu.

Abin da ya kai ni bango shi ne hita. Ta farko wata goma sha huɗu ta yi ta ƙone. Ta biyu ko shekara ba ta cika ba. Mai gyara ya zaro ƙarfen da ke dumama ruwan ya nuna mini, farin dutse ya lulluɓe shi har ba ka gane asalin siffarsa. Ya ce injin wankina ma yana bin layi.

Mutum biyu sun zo sun duba. Na farko ya tsoma wani ɗan abu mai kama da biro a kofi, lamba 510 ta fito, ya girgiza kai kamar ya ga gawa, ya ce ruwan nan bai kamata ko dabba ta sha ba. Shi softena, wato na'urar cire alli daga ruwa, mai cin gishiri yake so in saka, an rubuta 32,000 a jikin kwalinta, ya ce za ta gyara komai har ruwan sha. Na biyu ya ce wannan tsohon yayi ne, shi maganaɗisu zai ɗaura a jikin bututu, ba gishiri, ba wuta, ba gyara har abada, kuma kuɗinsa bai kai kwatan na farkon ba.

Mu shida ne a gidan: ni da maigida, yara uku, da surukata. Ita tana da hawan jini, likita ya rage mata gishiri, shi ya sa da na ji ana zuba buhun gishiri a cikin na'urar gabana ya faɗi. Banɗaki uku ne, da injin wanki ɗaya, da 'yan shuke-shuke a bayan gida da nake ba ruwa da tiyo.

Shin 510 ɗin nan hatsari ne? Maganaɗisun yana aiki? In softena ce, yaya ake sanin girman da ya dace da gida? Kuma ruwanta zai cutar da Mama?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam. Malama, abu na farko, kwantar da hankalinki game da 510. Biron nan da ya tsoma ba alli yake aunawa ba. Yana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne, daga nan ya kintaci jimillar duk abin da ya narke a ciki, mai amfani da marar amfani. Ba ya gane ƙwayoyin cuta, ba ya gane guba, ba ya rarrabe kalsiyam da gishiri. Ga abin dariya ma: bayan an saka miki softenar, a sake tsoma biron a ruwan da ya fito daga cikinta, lambar kusan ba za ta motsa ba, wani lokacin ma ta ɗan ƙaru. Shi ya sa masu talla ba sa maimaita gwajin bayan sun karɓi kuɗi.

Abin da ke damun gidanki sinadarai biyu ne, kalsiyam da magniziyam, waɗanda ruwa ke kwasowa idan ya ratsa duwatsu masu alli a ƙarƙashin ƙasa. A ruwan sanyi suna nan a narke, ba kya ganinsu. Da an dafa ruwan sai wani kasonsu ya koma dutse ya manne a wuri mafi zafi, wato gindin buta da ƙarfen hita. Ɓawon nan ba ya barin zafi ya wuce, sai ƙarfen ya yi ta gasuwa a ciki har ya ƙone. Su ne kuma ke kama sabulu su mayar da shi wancan kitse-kitsen da kike gani. Ga lafiya dai ba abin tsoro ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa wa allin ruwa wata iyaka saboda lafiya ba. Ɓarnarsa a kan kaya take.

Ana auna shi da miligiram a lita. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta kasa shi huɗu: 0 zuwa 60 ruwa ne mai laushi, 61 zuwa 120 tsaka-tsaki, 121 zuwa 180 mai alli, sama da 180 mai alli sosai. Daga bayaninki ina zaton naki ya wuce 250, amma zato ba a sayen na'ura da shi. Ki ɗebi ruwan kai tsaye daga bututun burtsatse a kwalba mai tsabta ki kai ɗakin gwaji, ki ce a auna miki alli, ƙarfe, manganis, tsamin ruwan, da ƙwayoyin cuta. In ba ki samu ba, akwai ɗan kayan gwaji na ɗigo: a zuba ruwa a ƙaramar kwalba, a sa masa garin da zai mayar da shi ja-ja, a riƙa ɗiga magani ana ƙirgawa har ya koma shuɗi. Yawan ɗigon shi ne yawan allin. Ya fi 'yan takardun nan masu canza launi gaskiya nesa ba kusa ba.

Ita softena aikinta musaya ne. Doguwar tukunyar cike take da wasu 'yan ƙwayoyin roba masu kama da ƙwan kifi, ana ce musu rezin. Kowace ƙwaya tana riƙe da sodiyam. Ruwa na wucewa sai ta cafke kalsiyam da magniziyam ta saki sodiyam a madadinsu. In ta cika, sai na'urar ta zuƙo ruwan gishiri mai kauri daga ɗaya tankin ta wanke ƙwayoyin da shi, allin ya bi magudana ya tafi, ta ɗauraye, ta koma aiki. Buhun gishirin nan ba cikin ruwan shanku yake tafiya ba, sabulun wankin rezin ne. Kuma wanda ya ce miki tsohon yayi ne bai yi ƙarya ba ta fuska ɗaya: tun 1850 wasu masana biyu a Ingila, Thompson da Way, suka lura ƙasar noma tana irin wannan musayar, a 1905 kuma wani Bajamushe mai suna Gans ya haɗa sinadarin da aka fara tausasa ruwa da shi ta wannan hanya. Tsufan nasa ne ya sa aka san halinsa ciki da waje.

Maganar Mama kuwa akwai lissafinta. Duk miligiram 100 na alli da aka cire, ana zuba miligiram 46 na sodiyam a gurbinsa. In ruwanki 300 ne, lita ɗaya za ta ɗauki kusan 138. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne, tunda iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba ita ce ƙasa da miligiram 2,000 a rana. Amma ga wadda likita ya riga ya taƙaita wa, me zai sa a ƙara mata? Mafita mai sauƙi ce: a bar famfon ruwan sanyi ɗaya a kicin bai bi ta na'urar ba, a riƙa sha daga nan. Haka ake yi wa jariri mai shan madarar gwangwani ma.

Wani abu kuma, softena ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Wanda ya ce miki za ta gyara komai har ruwan sha ya wuce gona da iri.

Sabon Magidanci:

Ni dai Malam ban yarda a yi watsi da maganaɗisu gaba ɗaya ba. Na ɗaura shi wata biyar da suka wuce, kuma matata ta ce tana ganin tabon tayil ya ragu. Ba ɗaukar buhu, ba zubar da ruwa, ba abin da zai lalace. Softena kuwa maƙwabcina yana da ita, kullum cikin hidimarta yake kamar mai kiwon akuya. Anti, ki fara gwada mai arha, in bai yi ba sai ki hau sama.

Baba Mai Famfo:

'Yata, sannu da fama. Shekara ta talatin da wani abu ina kwance bututu ina ɗaurawa, bari in faɗa miki abin da Malam bai taɓo ba, don shi na allo ne ni na sifana.

Tambayar da zan fara yi miki kafin girman na'ura: tankinku na sama, tsayinsa nawa daga ƙasa? Ga dalili. Duk mita 10 na tsayi yana ba da ƙarfin ruwa bar 1 ne kacal. Yawancin softena ba sa aiki daidai sai da bar 1.5 zuwa 2 aƙalla. Ba famfo ne a cikinta da ke zuƙo ruwan gishiri ba, wani ɗan tsukakken maƙogwaro ne, gudun ruwan da ke ratsa shi ne ke janyo gishirin. In ƙarfi ya gaza, na'urar za ta yi ta ƙara da dare kamar tana aiki, fitila na ci, lambobi na juyawa, amma ko cokali ɗaya na gishiri ba ta ja ba. Na sha zuwa gidan da aka ce mini na'ura jabu ce, in buɗe tanki in tarar gishirin da aka zuba tun ranar sakawa yana nan ko gezau. Na'urar lafiyarta ƙalau, yunwar ƙarfi ce ta kashe ta. Haka nan wankin baya da take yi, wanda ruwa ke shiga ta ƙasa ya ɗaga ƙwayoyin ya kaɗe datti, shi ma ƙarfi yake so.

Hanya biyu ce. Ko a saka ta tsakanin injin burtsatse da tanki, ko a saka ta bayan tanki tare da ƙaramin injin ƙara ƙarfi mai tashi da kansa in an buɗe famfo. Ta farkon tana da arha amma tana da tarko: lokacin da na'urar za ta wanke kanta dole injin burtsatse ya kasance a kunne na tsawon awa ɗaya da rabi zuwa biyu, in ba haka ba wankin ya tashi a banza. Ni ta biyun nake yi wa mutane, kuma yashin da burtsatse ke tofowa ya samu ya kwanta a tanki tukuna. Duk da haka a sa filtar datti a gabanta, mai kwalba garai-garai da za ki riƙa ganin cikinta.

Sai kan na'urar, wato ƙwaƙwalwarta. Akwai mai agogo, akwai mai ƙirga ruwa. Mai agogo in an ce mata duk kwana huɗu, to duk kwana huɗu za ta yi wanka ko kun yi tafiya gidan ba kowa, in kuma baƙi suka cika gida ta ƙoshi tun kwana biyu, sai ku yi ta shan alli har ranarta ta zagayo. Mai ƙirga ruwa sai lita kaza ta wuce take wanki. Ki ƙara kuɗi ki ɗauki wannan, gishirin da za ta rage miki zai biya bambancin. Ki tambaya kuma ko tana riƙe saitinta in wuta ta ɗauke. Akwai masu tukunya biyu, ɗaya na wanki ɗaya na aiki, har da waɗanda ba ruwansu da lantarki, ƙarfin ruwa ke juya su. Suna da kyau, amma gida mai mutum shida da ke barci da dare bai cika buƙatarsu ba, mai tukunya ɗaya tana wankinta ƙarfe biyun dare ba wanda ya sani.

Abubuwan da zan ce ki tsaya a kansu ko mai sakawa ya ɓata rai: a yi mata bawul ɗin kewaye, yadda in ta lalace za a juya hannu ɗaya ruwa ya wuce ta gefe, gida bai zauna a bushe ba. Bututun zubar da ruwan wankinta kada a cusa shi kai tsaye cikin bututun ƙazanta, a bar tazara tsakaninsu don kada wata rana ta zuƙo abin da ba a faɗa. Kada a ajiye ta a rana. Famfon shukokinki kuma a cire shi tun kafin na'urar, don sodiyam yana taruwa a ƙasa ya daskarar da ita, ga asarar gishiri a kan ganye.

Kuma kafin ki biya, ki ce a nuna miki inda ake samun robobin cikin kan da fistin ɗinsa. Tukunya da rezin kusan duk ɗaya ne a ko'ina, kan ne ke lalacewa. Na'urar da ba a samun kayan gyaranta, ranar da roba ɗaya ta tsage ta zama turken ɗaure igiyar shanya.

Shi kuma ɗana mai maganaɗisu, Allah ya sa alheri. Na kwance su da yawa daga jikin bututun da alli ya toshe.

Malamin Kimiyya:

Baba ya gama magana a kan ƙarfin ruwa, na ƙaru. Ɗan'uwa Sabon Magidanci, ba sai mun yi musu ba, gani ya kori ji. Ka ɗebi ruwa kafin maganaɗisun da bayansa, ka yi gwajin ɗigo. Lamba ɗaya za ka samu, don babu inda allin ya tafi: ba magudana, ba abin da ake zubarwa, ba abin da ake canzawa. Masu sayar da shi na kirki ma ba sa cewa yana cire alli, cewa suke yana sauya yadda yake mannewa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan hakan sakamakonsu bai tsaya wuri ɗaya ba.

Akwai dai wata na'ura marar gishiri da ta fi maganaɗisu hujja, mai tukunya da wasu ƙwayoyi da ke sa allin ya dunƙule ya zama 'yan ƙananan lu'ulu'u masu wucewa da ruwa ba tare da sun kama ƙarfe ba. Tana taimakon hita da bututu. Amma allin yana nan a ruwan, don haka sabulu ba zai yi kumfar da Malama ke nema ba, tawul ba zai yi laushi ba, kuma ƙarfen ruwan burtsatse yana saurin kashe ta. Wanda hita kaɗai ce damuwarsa zai iya duba ta. Malama ta lissafo abubuwa da yawa, kaɗan kawai wannan na'urar za ta magance.

Kakar Yara:

Ƙanwata, ni shekara bakwai ina zaune da ita, bari in ba ki labarin zaman, tunda maza sun ba ki na saye.

Satin farko za ki rantse sabulu bai fita daga jikinki ba. Santsi za ki ji kamar kin shafa mai, ki yi ta ɗauraya. Ba sabulu ba ne, fatarki ce da babu wancan dattin a kanta. Maigidana wata guda yana mita, yanzu in muka kwana wani wuri shi ke fara ƙorafin ruwa. Garin sabulun wanki ki rage shi rabi tun ranar farko, in ba haka ba kumfa za ta fito ta ƙofar inji ta tarye ki a tsakar ɗaki. Ni ta faru da ni.

Wahalarta ɗaya ce, gishiri. Nauyi ne da shi, kuma ba ya jiran ki shirya. Ki sayi na ƙwallaye da aka yi don na'urar, mai tsabta. Na taɓa yin dabara na zuba wani mai arha mai ƙasa-ƙasa, laka ta kwanta a gindin tankin ta toshe bututun zuƙa, sai da muka kwashe shi da kofi muka wanke. Kada kuma ki cika tankin har baki don ki huta. A lokacin laima gishirin sama yana haɗewa ya zama kamar rufin daɓe, ƙasansa kuwa rami ne. Kina leƙawa kina ganin gishiri fal, alhali ruwa bai taɓa shi. Na yi wata biyu a haka ina zagin na'ura, buta ta koma yin fari, ashe sandar tsintsiya ce maganin. Yanzu duk farkon wata nakan soka sanda har ƙasa in ji. Rabin tanki nake zubawa.

Wanda ya saka mana tamu bai auna ruwa ba, saitin da ta zo da shi daga kamfani ya bari. Shekara biyu tana wanki kusan duk bayan kwana biyu, muna ta ɗaukar buhu, sai da wani ya zo ya auna ya gyara lambar, cin gishirin ya ragu sosai. Don haka ranar sakawa ki tsaya a kansa, ki ga lambar allin da ya danna da idonki, ki rubuta ta a jikin bango kusa da na'urar.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: hita mai tanki tana da wani sandan ƙarfe a ciki da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon ta ci tankin. Ruwan softena yana saurin cinye shi. A riƙa duba shi duk shekara, canza shi ba wuya.

Ruwan sha kuwa, ni a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na sa ƙaramar matatar nan mai tace ruwa ta cikin fata, wadda ake kira RO. Tana cire sodiyam ɗin da sauran tarkace, kuma da yake ruwan da ke shigarta ba alli, fatar tana daɗewa. In kin sa wannan, Mama ta sha hankali kwance, amma ki faɗa wa likitanta duk da haka.

Uwar 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne don na bi shawarar Malam, yau sakamako ya fito. Alli 320. Ƙarfe 0.5. Manganis sun ce bai kai a ambata ba. Tsami 7.4. Ƙwayoyin cuta babu, alhamdu lillahi. Ashe jan layin da nake gani a cikin masai ƙarfen ne, ni ina ta ɗora wa yara laifi.

Baba, na sa an auna, gindin tankin mita 6 ne daga ƙasa. Ke nan da na biya mutumin farko da na shiga sahun masu cewa jabu ce, don ko kallon tankin bai yi ba. Da na kira shi na tambaye shi lita nawa ne rezin ɗin cikin tasa, sai ya ce shi dai 32,000 ya sani.

Tankinmu lita 2,000 ne, kuma in ba a yi ban ruwan shuka ba yakan kai mu kwana biyu da ɗan wani abu. Malam, a taimaka da lissafin. Yaya Kakar Yara, maganar sandar tsintsiya na rubuta ta.

Malamin Kimiyya:

Madalla, yanzu muna da abin kamawa. Mu ce lita 900 a rana, wato 150 kowane mutum, ya yi daidai da yadda tankinku ke ƙarewa.

Ƙarfen da ya narke shi ma rezin na kama shi, kuma yana cin wuri fiye da girmansa. Masu aikin sukan ƙara wajen 70 zuwa 85 a kan lambar alli saboda kowane miligiram 1 na ƙarfe. Naki rabi ne, mu ƙara 40, ya zama 360. Wannan ita ce lambar da za a danna wa na'urar. Sau 900, ya ba da giram 324 a rana. Ki dubi wannan da kyau: kusan kilo 10 na dutse ke ratsa bututunku duk wata. Hita biyu ma ta yi ƙoƙari.

Lita ɗaya ta rezin tana kama kusan giram 50 in ana wanke ta da gishiri madaidaici, kamar giram 110 zuwa 120 kowace lita. Ana so ta riƙa wanki kusan sau ɗaya a mako. Giram 324 sau 7 ya kama 2,268, a raba da 50, ya ba da lita 45. To ki nemi mai lita 45 zuwa 50. Kowane wanki zai ci gishiri kilo 5 zuwa 6, wato buhu mai kilo 25 zai yi kusan wata.

Ita 32,000 ɗin, ma'aunin Amurka ne da ake kira giren, kowane ɗaya miligiram 64.8. Yawanci na'urar da ake rubuta wa haka rezin ɗinta lita 28 ne, kuma ba ta kai wannan lambar sai an ɗura mata gishiri ninki biyu ko fiye, wanda ba mai hankalin da zai yi. A saitin tattali kusan 20,000 zuwa 24,000 take bayarwa. A gidanki za ta riƙa wanki duk kwana huɗu ko biyar. Ba wai ba za ta yi ba ne, gishirin wata ma kusan ɗaya ne, don yawan alli ke cin gishiri ba girman tukunya ba. Bambancin shi ne yawan ruwan wanki da ake zubarwa, gajiyar kan, da kuma lokacin da banɗaki uku da injin wanki suka buɗe tare da safe: ƙaramar tukunya ruwa zai ratsa ta da gudu, wani allin ya kuɓuce. Kada kuma ki zarce ki sayi ƙatuwa mai lita 100, da ƙarfe a ruwa ba a so rezin ya daɗe bai wanku ba. Ki sa a saita ta yadda ko lita ba ta cika ba, kwana 7 in ya yi ta wanke kanta. In kin ga tambarin NSF/ANSI 44 a jikinta, alama ce an gwada abin da ta yi iƙirari.

Sodiyam na Mama: 320 sau 0.46, kusan 147 a lita. Lita biyu a rana kusan 300 ke nan. A ware mata famfo ko a sa RO. Akwai gishirin fotasiyam da ake zubawa a madadin na sodiyam, amma ya fi tsada, kuma mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini shi ma ba nasa ba ne, don haka kada ki ɗauke shi a matsayin mafita ba da sanin likita ba.

Baba Mai Famfo:

Mita 6, wato bar 0.6 ke nan tun kafin ruwa ya sha kwana a bututu. Injin ƙara ƙarfi ya zama dole, 'yata, a saita shi wajen bar 2.5 zuwa 3. Amma ki shirya, bututun da ya saba da ruwa mai tafiyar hawainiya, ranar da aka ba shi ƙarfi duk wani haɗi mai rauni zai tona kansa. A kunna da rana, mai aikin yana nan, ku zaga gida ku duba ƙarƙashin kowane famfo.

Da ƙarfen nan naki, tunda ruwan yana kwana a tanki yana shan iska, wani kasonsa zai koma tsatsa tun kafin ya iso na'ura. Filtar gaban ce za ta tare shi, za ki ga ta yi ja, ki riƙa canza ta kada ki jira ruwa ya rage gudu. Duk wata uku ko huɗu kuma a zuba maganin wanke rezin a tankin gishiri.

Watannin farko za ki ga ɓaraguzan fari suna fitowa suna toshe 'yar ragar bakin famfo da kan shawa. Kada ki kira kowa, tsohon ɓawon cikin bututu ne ke saki. Ki kwance ragar ki kaɗe ki mayar. Hitar da ke kai yanzu kuma a buɗe ta a kwashe abin da ya taru a cikinta kafin a haɗa, kada a ɗora sabon ruwa a kan tsohon dutse.